Za'arur a garkar Yamai: zai yi ɗiya ko asarar ruwa ce?

"Assalamu alaikum Baba. Dan Allah ina da tambaya. Na yi karatu a Maroko shekara huɗu, can na saba da wani ɗan icce mai ƙaya da suke ce ma za'arur, da faransanci aubépine, ɗiyansa ƙanana ne ja ko ɗorawa kaman magarya amma ɗanɗanonsu ya fi kama da tuffa. Da zan dawo na taho da ƙwallayensa na shuka cikin leda goma sha biyu a gidanmu nan Yamai wajen Lamorde, yau wata huɗu kenan ina ban ruwa safe da marece ko ɗaya bai tsiro ba. Kuma an ce mini maganin zuciya ne, ga tsohuwata tana fama da tansiyo shi ya sa na matsu. Ƙwallayen ne suka mutu ko ni ne ban iya ba? In ya tsiro yaya zan kula da shi har ya yi ɗiya?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Tambayarka guda ce a baki amma uku ce a ciki, akwai ta tsiro, akwai ta ko iccen zai yarda ya yi ɗiya a Yamai, sannan ga ta magani, kuma wadda ta fi damunka wato ta tsiron ita ce mafi sauƙi. Bara in faɗa maka tun yanzu kar in ja maka rai: da wuya in ƙwallayenka sun mutu, barci suke yi, kuma akwai dabarar tada su. Amma ko sun tsiro, samun ɗiyan za'arur a tsakar gida a Lamorde abu ne da ni ba zan sa kuɗina a kai ba. Na yi sama da shekara ashirin ina renon itatuwa a bakin kogi, mangwaro, lemu, gwaba, magarya, duk sun bi ta hannuna, kuma shi wannan iccen naka na taɓa gwada shi da kaina, zan ba ka labarin a gaba.

Wane icce ne ma tukuna

Masana suna kiran danginsa Crataegus, kuma gidansu ɗaya da tuffa, shi ya sa ka ji ɗanɗanon ya yi kama, in ka duba gindin ɗan ma za ka ga 'yar busasshiyar hular nan da ke ƙasan tuffa. Iri-iri ne da yawan gaske. Na Turai da ake shinge da shi a Faransa da Ingila shi ne Crataegus monogyna, ƙwallo ɗaya tal ke cikin ɗansa, yana fure fari fat a watan Mayu ɗiyan su nuna ja wajen Satumba zuwa Oktoba, kuma gaskiya ba wani daɗi gare su ba, gari-gari ne a baki, tsuntsaye suka fi morarsu. Wanda ake ci da marmari a ƙasashen Larabawa na bakin tekun Bahar Rum shi ne Crataegus azarolus, faransawa na ce masa azerolier, ɗansa ya fi girma kuma akwai ja akwai ɗorawa, daga yadda ka siffanta ina kyautata zaton shi ka ci. Akwai na Sin, Crataegus pinnatifida, wanda suke jerawa a tsinke su tsoma cikin narkakken sukari su sayar a titi lokacin sanyi, akwai kuma na Meziko da suke kira tejocote wanda ke fita a kan tsaunuka. Ka lura da abu guda, duk inda na ambata ko dai ƙasar sanyi ce ko kan tudu mai sanyi.

Kafin mu yi nisa ka tono ƙwallo ɗaya ka duba, don sunan za'arur ɗin nan yana rikita mutane, a wasu wurare na Aljeriya da shi ake kiran wani ɗan icce daban wanda faransawa ke ce ma nèfle, mai launin lemu, mai nuna a watan Afrilu da Mayu. Ƙwallon nèfle babba ne sumul mai ruwan ƙasa yana sheƙi, kuma shi in ya bushe ya daɗe to ya mutu kenan. Na za'arur na gaskiya ƙarami ne, fari-fari, da tauri kaman tsakuwa, in ka sa haƙori sai dai haƙorin ya ji jiki. In irin wannan ne a ledarka to mu ci gaba.

Abin da ya hana shi tsirowa

Ƙofa biyu aka kulle ƙwayar da su. Ta farko ɓawon nan mai tauri da ruwa ba ya ratsa shi da wuri, sai ya daɗe cikin ƙasa mai laima da ɗumi ƙwayoyin ƙasa sun ci shi ya yi laushi. Ta biyu ita ƙwayar ta ciki ba ta motsawa sai ta sha sanyi na watanni tana jiƙe, haka Allah ya tsara mata don kar ta tsiro da kaka sanyi ya zo ya kashe jaririn tsiron. A ƙasarsu ɗa yana faɗuwa a watan Oktoba, sau da yawa ba ya tsirowa a bazarar farko sai ta biyu, wato kusan wata goma sha takwas yana kwance. To kai wata huɗu kawai ka yi, kuma ba ka ba shi sanyin ba ko na kwana ɗaya, ka ga ba laifin hannunka ba ne. Abin da nake tsoro ma shi ne ban ruwan nan naka na safe da marece, leda in ba ta da isassun huji a ƙasa ruwa na kwanciya ƙwallon ya ruɓe.

Ga yadda za ka yi. Ka juye ledojin a kan tabarma ka tsince ƙwallayen ka wanke, ka fasa guda ɗaya ko biyu da guduma a hankali, in ƙwayar ciki fara ce ƙiba-ƙiba to da ranta, in ta yi baƙi ko ta zama ruwa ko ka tarar ba komai ciki to wannan ta tafi. Watannin nan huɗu da suka yi cikin ƙasa mai ɗumi ba su tafi a banza ba, sun zama matakin farko ba tare da ka sani ba. Yanzu sai ka samo yashin kogi wankakke ka jiƙa shi, jiƙawar da in ka dunƙula a hannu zai kama amma ruwa ba zai ɗiga ba, ka cuɗa ƙwallayen ciki ka zuba a leda ka ɗaure ka ɗan huda, ka sa a firigo wajen da ake ajiye kayan miya, ba wajen ƙanƙara ba, sanyin digiri 1 zuwa 5 ake so, na tsawon wata uku zuwa huɗu. Duk sati biyu ka buɗe ka duba, in yashin ya bushe ka yayyafa ruwa, in ka ga wani ya tsage ya fito da farar saiwa kaman zare ka cire shi ka shuka a leda mai zurfi, kar ka binne shi fiye da santimita ɗaya zuwa biyu. Ka yi lissafi yadda fitowarsu daga firigo za ta dace da watan Nuwamba, don jaririn ya samu watannin ɗari ya yi ƙarfi kafin zafi ya sauko. Kuma ka gaya wa mutanen gida, don ni nawa na farko uwargida ce ta ga leda da yashi cikin firigo ta ɗauka aikin yara ne ta watsar bayan gida.

Karo na biyu na yi nasara, wani abokina direban babbar mota ne ya kawo mini ɗiyan daga arewa, kuma duk da ɗaukewar kuran da muka sha a lokacin guda biyar suka tsiro. Ganyen farko da suka fito masu yatsu-yatsu gwanin kyau, har na riƙa kiran abokan aiki su zo su gani. Daga Disamba zuwa Fabrairu suna ta murna, Maris na shiga bakin ganyen ya fara ƙonewa kaman an kanga masa wuta, a watan Afrilu uku suka bushe duk da suna ƙarƙashin rumfar zana. Biyun da suka rage na rene su shekara huɗu, ba su wuce gwiwata da yawa ba, ba su san lokacin zubar da ganye ba ba su san lokacin toho ba, wannan reshe na barci wancan na fitar da ganye biyu-uku, fure kuwa ko ɗaya ban gani ba har gara ta gama da su wata shekara da na yi tafiya. Gwajin mutum ɗaya ne da irin icce ɗaya, ba zan ce ya zama hukunci a kan kowa ba, amma abin da na gani ya dace da abin da aka sani game da iccen.

Inda gizo ke saƙar

Mutane suna ɗauka zafi ne kawai matsalar itatuwan Turai a nan, a'a, rashin sanyi ya fi zafin illa. Za'arur da tuffa da danginsu suna zubar da ganye su shiga barci, kuma idanun da za su zama fure ba sa buɗewa daidai sai sun tara awoyi na sanyi, ana ƙirga awoyin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma ɗaruruwan awoyi ake magana ba goma ko ashirin ba. Ko tuffar nan da ake kira Anna wadda aka samar musamman don ƙasashe masu ɗumi tana son wajen awa 200 zuwa 300. To a Yamai fa? A watan Disamba da Janairu da muke ƙudundune cikin bargo muna hura wuta da asuba, yawanci sanyin dare wajen digiri 15 zuwa 17 yake, wato mu muna rawar ɗari shi iccen ko a jikinsa, bai ma san an yi sanyi ba. Sannan Afrilu da Mayu su zo da digiri 41, 42, wata rana har 45, da busasshiyar iska mai zuƙe ruwan ganye. Ruwan samanmu kuma wajen milimita 500 zuwa 600 ne a shekara kuma duk cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, alhali a Maroko da sanyi ake ruwa lokacin zafi ya zama busasshe, komai a juye yake.

Za ka ji an ce ai ana tuffa a Jos, ana yi a tsibirin Jaba na Indunusiya, gaskiya ne ana yi, amma Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, mu kuwa Yamai mita 200 da 'yan kai ne, kuma manoman Indunusiya a kan tsaunuka suke kuma da hannu suke tsige ganyen duka bayan girbi su lanƙwasa rassan don su yaudari iccen ya ɗauka sanyi ya wuce. A Nijar in akwai inda zan ce a gwada za'arur da fatan ɗiya to tsaunukan Ayar ne, wajen Timiya da kan Bagzam wanda ƙololuwarsa ta haura mita 2,000, can dare na yin sanyi na gaske kuma ga garake da ake lemu da rumman. In kana da aboki ɗan Agadas mai garka a can, ka raba tsiron biyu ka aika masa rabi, wallahi nasa zai fi naka rabo.

Sai kuma maganar lokaci, iccen da aka shuka daga ƙwallo ko a ƙasarsa yakan ɗauki shekara biyar zuwa takwas kafin ya fara fure, kuma ba lallai ɗiyansa su yi girma da daɗin na uwar ba, shi ya sa masu garka a can ba sa dogara da ƙwallo, aure suke yi masa, wato su haɗa reshen icce mai kyawun ɗiya a kan gindin wani.

In ka ce sai ka gwada

Ba zan hana ka ba, ni ma ai ban ji hani ba. Ka nemi gefen gida da ke samun ranar safe ya samu inuwa daga azahar, gabashin ɗaki ko gabashin wani babban icce, amma kar ka manna shi da katangar siminti don da dare tana amayar da zafin da ta sha. A ƙasarsa rana yake so sosai, a nan kuwa ranar la'asar ce ke kashe shi. Rami ya kai santimita 60 zurfi da faɗi, ka cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki wanda ya shekara, ɗanyen taki gara yake kira. Ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, don haka in ƙasarku laka ce irin ta bakin kogi ka ƙara yashi ka ɗan ɗaga wurin. Ban ruwa mai yawa sau biyu ko uku a sati ya fi yayyafi kullum, da bazara ka ƙara, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin amma kar ta taɓa jikin iccen, ka riƙa ɗagawa kana duba gara kana barbaɗa toka.

Wajen aski ka yi hattara, za'arur yana fure ne a kan 'yan gajerun rassa da ke fitowa jikin tsohon reshe mai shekara biyu ko fi, in kana yawan datse shi kaman shingen fulawa to furen kake zubarwa. Busasshe da wanda ya gitta kan ɗan'uwansa da 'yan tsiron gindi kawai ake cirewa. A ƙarshen Disamba kana iya gwada dabarar manoman Indunusiya, ka rage ruwa sati uku ka tsige ganyen da hannu sannan ka dawo da ruwa, ko ba komai zai sa ya yi toho lokaci guda. Akwai wata cuta ta dangin tuffa da ke sa reshe ya yi baƙi kaman an babbake shi kansa ya lanƙwashe kaman sandar makiyayi, ƙwayar bakteriya ce, in ka ga haka ka yanke reshen can ƙasa da wurin da kusan santimita 30 ka ƙone shi ka wanke almakashin da ruwan jabel. Saboda irin wannan cutar ne ma nake roƙonka kar ka sa a ɓoyo maka dashe ko reshe cikin jaka daga waje, in za a shigo da shi a bi ta wajen ma'aikatan kare tsirrai.

Abin da ni zan shuka a wurin

Yanzu bara in zo kan abin da na fi sani. Kai da bakinka ka ce ɗiyan kaman magarya suke, to ai ga magaryar nan a bayan gidanku, icce mai ƙaya, mai jure fari, wanda akuya ta ci shi ya sake toho, yara su jefe shi ya sake yin ɗiya, mata su daka busassun su yi akuri. Ba dangin za'arur ba ce, sunanta Ziziphus mauritiana, 'yar'uwar kurna ce, amma duk abin da kake nema a wancan na icce madaidaici mai ɗiya a tsakar gida tana da shi, kuma ita zafin Afrilu hutu ne a wurinta. Abin da ya rage mata daraja ƙanƙantar ɗiya ne, ƙwallo ya fi nama yawa, to wannan an magance shi. A Indiya an daɗe da zaɓo iri masu manyan ɗiya, Gola da Seb da Umran da Kaithli, kuma a farkon shekarun 2000 cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai kan hanyar Say, ta yaɗa su a nan ƙarƙashin wani farfesa ɗan Isra'ila mai suna Dov Pasternak, aka sa musu suna pomme du Sahel wato tuffar Sahel. Ɗa guda yakan kai ƙwan zabo wani har ƙwan kaza, ana cinsa ɗanye yana ƙaras-ƙaras a baki, ga bitamin C da yawa. Ka sha ganinsu a tire a bakin titi lokacin ɗari, kore-kore masu ɗorawa, wataƙila ba ka san magarya ba ce.

Sirrin duka aure ne, wanda masu pepiniyar ke ce ma girefi. Gindin na magaryar gida, saman na Indiya. In ka shuka ƙwallon pomme du Sahel kai tsaye yawanci abin da zai fito ya koma ƙananan ɗiya, don haka kar wanda ya sayar maka da tsiro ya ce ai irin ne, ka duba tabon auren a jikinsa da idonka, wani ɗan kumburi ne kaman gwiwa a ƙasa-ƙasa. In kana son yi da kanka, ka fasa ƙwallon magaryar gida ka ciro 'yan ƙwayoyin ciki ka shuka a leda mai zurfi don saiwarta doguwa ce mai nutsewa, cikin sati ɗaya zuwa biyu za ka ga tsiro, ka kwatanta da wata goma sha takwas ɗin can. In karan ya kai kaurin fensir sai aure.

Yadda nake yi, da sassafe nake zama da reza sabuwa da ledar da na yayyanka siri-siri kaman zare mai faɗi. In yanke kan tsiron a bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, in tsaga shi ta tsakiya zurfin gaɓar yatsa, in ɗauko ɗan reshen Gola mai ido biyu ko uku wanda kaurinsa ya yi daidai da na gindin, in cire ganye da ƙaya, in fere gindinsa ta gefe biyu ya yi kaman bakin gatari, in zura cikin tsagar. Wurin da ake kuskure shi ne nan, koren nan da ke ƙarƙashin ɓawo na sama da na ƙasa dole su haɗu ko da ta gefe ɗaya ne, in ba su haɗu ba ko ka ɗaure da igiyar rijiya ba zai kama ba. Kar yatsa ya taɓa wurin da aka fere. In naɗe da ledar tam daga ƙasa zuwa sama, in kifa masa 'yar farar leda irin ta ƙanƙara don kar ya bushe, in ajiye a inuwa. Bayan sati biyu zuwa uku za ka ga idon ya kumbura ya fito da ɗan ganye mai sheƙi, sai ka cire hular, ɗaurin kuma ka bar shi sai wurin ya warke. Ƙaya za ta sha jininka ranar farko, kowa haka ya fara. In ma akwai tsohuwar magarya a gidan ko a gona ba sai ka jira tsiro ba, a sare ta a bar kututture, in ta fito da sabbin rassa a zaɓi biyu ko uku a yi musu aure, wannan ya fi saurin girma don saiwar ta riga ta kai ga ruwa.

Dashe a watan Yuli in damana ta zauna, rami irin wancan, tsakanin icce da icce mita biyar zuwa shida, kuma in da wuri ka sa iri biyu, misali Gola mai saurin nuna da Umran mai jinkiri, suna taimakon juna wajen ɗaukar ɗiya kuma lokacin cinku ya yi tsawo. Sau da yawa a shekarar farko ma za ka ga ɗiya, ni nakan zubar da yawancinsu don iccen ya yi jiki tukuna. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure ka cire shi da wuri, na gida ne, in ka bar shi zai fi ƙarfin baƙon ya kashe shi, shekara biyu ka wayi gari da magaryar daji kana cewa an cuce ka.

Askinta kishiyar na za'arur ne, kuma nan ne masu gida ke jin tausayi su yi asara. Magarya a kan sabon reshe na bana take ɗiya, don haka bayan an gama girbi a rage mata ruwa ta huta ta zubar da ganye lokacin zafi, a watan Mayu kafin ruwan farko a datse ta sosai a bar manyan rassa uku ko huɗu da guntayen rassa a jikinsu, a zuba taki. Za ta yi kaman an kashe ta, Hajiya ma za ta yi maka faɗa, amma ruwa na sauka za ta yi toho kaman hauka, ta yi fure wajen ƙarshen damana ƙudan zuma da ƙudaje su cika ta, ɗiya su nuna cikin ɗari. Daga fure zuwa nuna kar ta rasa ruwa, in ta sha ƙishi ɗiyan na zubewa ko su tsaya ƙanana.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Babban maƙiyinta wani ɗan ƙuda ne da ke huda ɗan tun yana kore ya saka ƙwai, ka ɓare ɗa mai kyau a waje ka tarar da tsutsa ciki. Tsutsar in ta ƙoshi ƙasa take faɗawa ta zama ƙuda ta dawo, shi ya sa maganin farko tsinta ne, kullum ka tattara waɗanda suka faɗo ka ƙulle cikin baƙar leda ka shanya a rana ko ka binne da zurfi, ka kuma riƙa kaftar ƙasar gindin don rana da kaji su gama da na ciki. Ruwan dakakken ƙwallon bedi da aka jiƙa ya kwana yana taimakawa in ana fesawa da marece tun ɗiyan suna ƙanana. Akwai kuma wata farar hoda kaman gari da ke kama ganye da ƙananan ɗiya, garin farar wuta na feshi ke maganinta, sai kauci da ke maƙalewa a reshe wanda sai dai a sare reshen. Kuma ɗiyan ba sa ajiyuwa, kwana kaɗan ne su yi laushi, abin a ci ne a raba wa maƙwabta. Tsuntsaye da yaran unguwa kuwa wannan sai haƙuri.

Maganar Hajiya

Nan iyakata ta zo, ni mai renon icce ne ba lokotoro ba. Gaskiya ne a Turai musamman Jamus ana haɗa magani da ganye da furen aubépine ana ba masu ƙaramar matsalar zuciya, ba ƙarya aka yi maka ba. Amma wannan abu ne da aka auna aka sarrafa, kuma an san yana iya karo da magungunan tansiyo da wani maganin zuciya da ake kira digoxine, ya ƙara musu ƙarfi fiye da yadda ake so. Don haka ko wani ya kawo maka busasshen ganyen ko ka gan shi a farmasi, kar Hajiya ta sha sai an nuna wa likitan da ke duba ta tare da kwalayen magungunan da take sha, kuma kar ta ajiye nata maganin saboda shi ko na kwana ɗaya. Magaryar ma ban ce maganin tansiyo ba ce, ɗan icce ne mai kyau ta ci ta ji daɗi. Iccen da ko a ƙasarsa sai ya shekara biyar bai yi fure ba ai ba shi za a jira da hawan jini ba, a rage mata gishiri da dunƙulen miya, a riƙa kai ta awo.

Ledojin nan goma sha biyu kar ka zubar da ƙasarsu. Ka tsince ƙwallayen za'arur ɗin su tafi firigo cikin yashi in lokacin da na ce ya yi, ka ƙara huji a gindin ledojin, ka sayo magaryar gida ta dala biyar ko goma a kasuwar Katako, a sha naman a ba ka ƙwallayen ka fasa ka shuka bibbiyu a kowace leda. In sun kai kaurin fensir ka zo garka da su da sassafe ka taho da reza sabuwa, reshen Gola akwai shi a wurina, na farko ni zan yi kana kallo sauran kai za ka yi.